Kuɗin Haya da Kuɗaɗen da ke Bayansa: Abin da Ɗan Hayar Shago Yake Biya a Kabo da Gwarzo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hayar shago daga ɓangaren ɗan haya, a garuruwan Kabo da Gwarzo da ke yammacin Jihar Kano. Hujjarta guda ce: abin da ake kira kuɗin haya wani yanki ne kawai na abin da ɗan kasuwa ke biya, kuma yawancin saɓani daga kuɗaɗen da aka bari ba a ambata ba yake tasowa, wato wuta da gadi da shara da gyara da haraji. An auna al'adar da ake bi da ma'auni biyu, fiƙihun Malikiyya da dokokin Nijeriya, sannan an leƙa Legas da Maraɗi don a ga yadda wasu suka ɓullo wa lamarin.

Gabatarwa



Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Kano ta Janguza da Rimin Gado, ta ratsa Kabo da Gwarzo, ta miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina, ya ga yadda bakin titi ya sauya. Gidajen da da can katanga kawai suke nuna wa titi, yanzu an fasa gabansu an fitar da shaguna uku ko huɗu. Inda ake da fili, wani ya jera shaguna shida ko goma a ƙarƙashin rufi ɗaya ya kira wurin filaza. A ciki akwai tela da mai kemis da mai tireda da mai cajin waya da mai POS da mai sayar da taki da maganin feshi. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kabo mutum 153,828, ta ba Gwarzo 183,987. Jama'a mai wannan yawa, wadda ta ƙaru tun daga lokacin, ba za ta jira ranar kasuwa kaɗai ta yi cefane ba. Shi ya sa shago na dindindin ya samu gindin zama a Kabo da Garo da Gwarzo da Getso, kuma akasarin masu zama a ciki haya suke yi.

Yadda ake ƙulla hayar sananne ne. Mai neman shago ya sami dillali ko ya je wurin mai ginin kai tsaye. A yi ciniki a kan kuɗin shekara, a ja, a sassauta, a daidaita. A ba dillali la'adarsa, a miƙa mukulli. In mai hayar ya tambayi batun wuta ko mai gadi, amsar da ya fi samu ita ce: “Wannan ai ba wani abu ba ne, in ya taso sai a yi karo-karo.” Wannan jimla ce nake so mu tsaya a kanta yau, domin a cikinta ne rabin yarjejeniyar yake ɓoye.

Hayar da aka faɗa da hayar da ake biya

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, ba na wani shago takamaimai ba. A ɗauka an daidaita a kan naira 120,000 a shekara. Dillali ya karɓi kashi goma cikin ɗari, naira 12,000. Wuta naira 3,000 a wata, wato 36,000 a shekara. Mai gadi 1,500 a wata, 18,000 ke nan. Shara da ruwa 500 a wata, 6,000. Kafin ya shiga ya gyara ƙofar ƙarfe da daɓe a kan 30,000. Jimillar abin da ya fita daga aljihunsa a shekarar farko naira 222,000 ne. Ya shafe kwana biyu yana jayayya don a rage masa dubu goma daga cikin 120,000, amma ya karɓi nauyin 102,000, kashi 85 cikin ɗari na ainihin hayar, ba tare da ya furta kalma ɗaya ba.

Bambancin kuɗaɗen biyu ya wuce na yawa. Kuɗin haya a tsaye yake har shekara ta zagayo. Waɗancan kuwa suna motsi da kasuwa. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma duk filazar da ke tara kuɗin man janareta ta ji a jikinta. A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na masu amfani da ke rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai gadin da ake biya a farkon 2023 ba zai iya rayuwa da albashin nan ba bayan shekara biyu, kuma yana da gaskiya in ya nemi ƙari. Tambayar ita ce wa zai ɗauki ƙarin, kuma da wane ma'auni. In ba a faɗa tun farko ba, mai ƙarfi ne zai yanke, mai ƙarfi kuwa a nan shi ne wanda ke iya cewa “in ba za ka iya ba, ba ni mukullina.”

Abin da malamanmu suka riga suka shimfiɗa

Wasu na ɗaukar cewa neman a fayyace waɗannan abubuwa baƙon ɗabi'a ce ta lauyoyi da 'yan boko. Ni ina ganin akasin haka. Littattafan da ake karantarwa a zaurukan Gwarzo da Kabo sun fi takardun lauyoyi tsanani a wannan babi.

Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ta ɗora halaccin ijara, wato haya, a kan abu biyu: a yanke wa'adi, a ambaci farashi. Malaman Malikiyya suna ɗaukar haya a matsayin sayar da amfanin abu, don haka abin da ke ɓata ciniki na jahiltar farashi da garari yana ɓata ta. Muhtasar na Shaihu Halil, na ƙarni na 14, ya shiga har cikin abin da muke tattaunawa. Ya halatta a sharɗanta wa ɗan haya ya yi gyara ko yaɓe matuƙar daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba a kansa za a cire. Amma bai halatta a sharɗanta masa ya yi daga aljihunsa ba. Dalilin da masu sharhi suka bayar a fili yake: ba wanda ya san sau nawa ginin zai buƙaci gyara, ko nawa zai ci, don haka ainihin kuɗin hayar ya zama abin da ba a sani ba.

Ina roƙon masu karatu su auna “in ya taso sai a yi karo-karo” da wannan ma'auni. Idan kuɗin da zai taso wani ɓangare ne na abin da mai gini ke karɓa a madadin zama a shagonsa, to an ƙulla haya a kan farashin da ba a sani ba. Idan kuma hidima ce da 'yan haya suka haɗu suka ɗauko wa kansu, kamar mai gadi, to tarayya ce, ita ma tana buƙatar a san kason kowa. Ta kowace fuska, shirun da ake yi ba shi da madogara. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma ƙa'idar ba ta da duhu.

Akwai wani bambanci a Muhtasar da ya kamata kowane ɗan tireda ya sani. Hayar da aka yanke mata wa'adi, kamar a ce “na ba ka shekara ɗaya daga watan kaza,” tana lazimtar ɓangarorin biyu har ƙarshenta. Wadda kuwa aka ce “kowane wata a kan kaza” ko “kowace shekara a kan kaza” ba tare da an yanke iyaka ba, ba ta ɗaure kowa sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kalmomin sun yi kama a kunne, hukuncinsu ya sha bamban. Mutumin da ya zuba jari a shago bisa lafazi na biyu yana zaune ne a kan abin da ya biya kawai, ko kwana ɗaya bai wuce nan ba.

A batun gyara ma akwai abin lura. Mashahurin zance a mazhabar shi ne ba a tilasta wa mai gini ya gyara, amma in ɓarnar ta yi yawa har ta cutar da mai zama, ɗan haya na da zaɓin ya warware hayar. Wannan zaɓi yana da sauƙi ga mai ɗakin kwana. Ga mai sayar da siminti ko taki wanda kwano ke yi masa yoyo a tsakiyar watan Agusta, tashi ba mafita ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shi ne ba shi da hurumin taɓa rufin. Abin da ya dace shi ne tun ranar ciniki a rubuta cewa rufi da bango da kwata na mai gini ne, kuma in an sanar da shi bai gyara ba cikin kwana kaza, ɗan haya zai gyara ya cire daga haya. Wannan sharaɗi ya zauna daidai a kan abin da Muhtasar ya halatta.

Rabon wuta

A cikin dukan kuɗaɗen tarayya ba wanda ke haddasa gaba tsakanin maƙwabtan shago kamar na wuta, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun da aka miƙa harkar ga 'yan kasuwa a Nuwambar 2013. A irin gine-ginen da muke magana, layi ɗaya ne ke shiga, da sunan mai gini, ko da mita ɗaya ko ma babu mita, sai takardar ƙiyasi. In takarda ta zo sai a raba daidai wa daida bisa yawan ƙofofi. A ɗauka naira 30,000 ce, shago shida, kowa 5,000. A ido adalci ne. Amma ƙwan fitila mai wat 10 in ya yi awa goma a kunne, kashi ɗaya cikin goma na yunit ya sha. Dutsen guga mai wat 1,000 yana shan yunit guda cur a awa ɗaya. Mai sayar da littattafai da ƙwansa ɗaya da fankarsa yana biyan daidai da mai firiza biyu da ke sayar da ƙanƙara da lemo. A haƙiƙa yana tallafa wa kasuwancin maƙwabcinsa ne duk wata, ba da saninsa ba, ko da saninsa amma kunya ta hana shi magana.

Wani ƙanena tela ya taɓa zama a irin wannan jeri. Keken ƙafa yake amfani da shi, gugarsa ta gawayi ce. Da aka shigo da mai walda shagon ƙarshe, kuɗin da ake karɓa a wurinsa ya ninka, kuma da ya tambaya aka ce masa haka ake yi tun da. Bai taɓa ganin takardar wutar da idonsa ba har ya bar wurin. Ba na zargin an ci kuɗinsa. Abin da ya dame ni shi ne ba shi da hanyar da zai sani.

Mafita uku ake da su, kuma ba wadda ta fi ƙarfin jerin shaguna a Kabo. Mafi kyau kowane shago ya sami mitarsa. In hakan bai samu ba, a sa ƙaramar mita a kan wayar kowane shago, a karanta ƙarshen wata a gaban kowa. In ita ma ta gagara, a ƙirga kayan wutar kowa a ba shi kaso gwargwadonsu, a sake lissafi duk lokacin da wani ya shigo da sabon inji. Kasuwar Sabon Gari a Kano ta nuna cewa 'yan kasuwa ba sa ƙin biya in sun san abin da suke biya: a 2018 da aka fara ba shagunanta wutar sola ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara, kowane shagon da aka haɗa wa wutar ya riƙa biyan nasa ne gwargwadon abin da ya zaɓa ya kunna.

Sai tsohon bashi. Sau da yawa sabon ɗan haya kan shiga, bayan wata biyu a zo yanke wuta saboda bashin wanda ya tashi. Hukumar NERC ta bayyana cewa ba a ɗora wa sabon mazauni bashin wanda ya gabace shi. Amma tunda layin da sunan mai gini yake, wanda wutarsa ta ɗauke shi ne ke cikin matsi, kuma galibi shi ke biya don kasuwa ta ci gaba. Maganin wannan minti biyar ne: kafin a karɓi mukulli a nemi takardar wuta ta ƙarshe, a rubuta adadin da ke kanta a jikin yarjejeniya, a rubuta wanda zai biya.

Gadi da shara ba su kai wuta sarƙaƙiya ba. Abin da ake buƙata a sani shi ne nawa ake ba mai gadi ko 'yan sintiri, wa ke karɓa ya miƙa, kuma shagon da ba kowa a ciki wa ke biyan kasonsa. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. In shago biyu cikin shida suna rufe, mai gadin yana tsare su ne ga mai gini, don haka kasonsu nasa ne, bai kamata a watsa shi a kan mutum huɗun da suka rage ba.

Haraji: na gini da na sana'a

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna da kwashe shara, da ƙiyasta harajin gine-gine. Dokar da ta jera haraje-harajen da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta 1998, ta sa kuɗin shago da harajin gini da kuɗin allon talla a hannun ƙaramar hukuma, ta sa rajistar wurin sana'a a hannun jiha. A rubutunta na asali ta ƙayyade wa yankunan karkara naira 2,000 na rajista da 1,000 na sabuntawa duk shekara. Abin da ya shafi ɗan haya a nan shi ne ya rarrabe: harajin da ke kan sana'arsa nasa ne, wanda ke kan ginin kuwa a hankalce na mai dukiyar ne, sai in an yi sharaɗin akasin haka a fili. Mai karɓar haraji wanda ya tarar a shago shi zai tambaya. In ɗan haya ya biya na gini, ya riƙe rasit, kuma yarjejeniya ta ce za a cire daga haya.

Rumfar kasuwa ta ƙaramar hukuma kuma wani babi ne. Mai riƙe da ita sau da yawa ba mallakarsa ba ce, ba shi aka yi, shi kuma ya ba wani haya. Na biyun yana biyan na farkon, alhali sunansa ba ya cikin kowane littafi na hukuma. Ranar da za a sake fasalin kasuwar, da mai takarda za a yi magana. Abin da ya faru a filin Idi na Kano a watan Yunin 2023, da gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a wurin, ya isa ya sa duk mai neman shago ya tambayi a kan wace takarda ginin yake tsaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da ba na birni ba a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Tambaya ɗaya a sakatariya ko wurin dagaci ba ta da tsada.

Wa'adi da notis

Dokar ƙasa ma, kamar fiƙihu, ba ta wasa da wa'adi. A shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola ta 1988, Kotun Ƙoli ta ce babu yarjejeniyar haya mai ɗaure kowa tunda ba a tsayar da ranar da za ta fara ba, duk da nisan da magana ta yi tsakaninsu. In babban banki da lauyoyinsa za su kai har Kotun Ƙoli a kan rana ɗaya, to mai kemis da aka ce wa “ka shiga bayan Sallah” ya san matsayinsa. Ina ƙara jan hankali a kan kalanda: shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana goma sha ɗaya. A faɗi wadda ake nufi.

Game da tashi, tsarin da dokokin karɓe gini na Abuja da Legas da akasarin jihohi suke bi, in ba a yi wani sharaɗi ba, shi ne notis na mako ɗaya ga mai biyan mako, wata ɗaya ga mai biyan wata, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan ya cika sai a ƙara masa na kwana bakwai cewa za a je kotu. Kotu ce ke fitar da mutum. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu ta 1997 cewa mai ginin da ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo ya yi kutse, ko da wa'adin ya riga ya ƙare. Ɗora kwaɗo a kan kwaɗon ɗan haya, ko cire masa ƙofa, ko yanke masa wuta don ya gaji ya tafi, duk ba hanya ba ce. Sai dai a kula da sharaɗin da na ambata: in takardar da ɗan haya ya sa wa hannu ta ce notis na wata ɗaya ne, to wata shidan nan ya tafi. Mutane da yawa na sa hannu a takardar da aka bugo da Turanci ba tare da an karanta musu ita da Hausa ba.

Wurin zama ma jari ne

Ɗan hayar gida in ya tashi ya kwashe komai nasa. Ɗan hayar shago kuwa yana barin abu mafi tsada a baya, wato ƙafar masu saye. Shekara biyar yana sabar wa mutanen Godiya da Gude cewa nan ne ake samun maganin feshi mai kyau. Ranar da wurin ya yi albarka, ranar ce mai gini ke ninka haya, ko ya ce ɗansa zai zauna. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

A nan ne maƙwabtanmu suka sha gabanmu. Ɗan kasuwar Maraɗi yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA, mai ƙasashe 17 ciki har da Nijar, wadda aka sabunta a Lome a Disambar 2010. Ta ba wanda ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri haƙƙin a sabunta masa haya. In mai gini ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta amince da shi ba, sai ya biya shi diyyar tashi. Ta kuma ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gini. Ingila tana da irin wannan kariya tun dokarta ta 1954. Ɗan kasuwar Kabo, wanda harshensu ɗaya da na Maraɗi, mazhabarsu ɗaya, kuma kayan da suke sayarwa kusan iri ɗaya ne, yarjejeniyarsa ce kaɗai garkuwarsa. Don haka abu biyu sun zama wajibi ya nema tun wurin bai yi daraja ba: a rubuta cewa shi ne farkon wanda za a tuntuɓa in wa'adi ya cika, a kuma rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi da lokacin da za a sanar da shi. Da irin hauhawar farashin da na ambata, ba adalci ba ne a ce mai gini ba zai ƙara ba. Shi ma iyali yake ciyarwa, buhun siminti ma ya tashi. Abin nema shi ne ƙarin ya zo a kan ƙa'idar da aka sani, kuma sanarwa ta zo da wuri. A yankin da kuɗi ke shigowa da kaka, sanya ranar biya bayan girbi zai sauƙaƙa wa kowa.

Akwai kuma kuɗin da sabon mai shiga ke ba tsohon ɗan haya don ya tashi ya bar masa wurin. Malamai sun daɗe da sanin wannan. Nasiruddin al-Laƙƙani, malamin Malikiyya na Masar a ƙarni na 16, ya yi fatawa a kan irinsa a shagunan Alƙahira. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta ce ya halatta ɗan haya ya karɓi kuɗi don ya bar sauran wa'adin da yake da haƙƙi a kai, amma in wa'adinsa ya ƙare ba shi da abin sayarwa. Saboda haka wanda zai biya irin wannan kuɗi ya fara tambayar wata nawa suka rage wa mai tashin, kuma mai ginin ya yarda ko bai yarda ba.

Rasit biyu, lissafi ɗaya

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 tana da sashe ɗaya da nake ganin ya cancanci Majalisar Dokokin Kano ta duba. Sashe na 10 ya ce in mai gini ko wakilinsa ya karɓi kuɗin hidima ko na ajiya ban da haya, dole ya ba da rasit daban, kuma ɗan haya na da haƙƙin a ba shi rubutaccen bayanin yadda aka kashe kuɗin aƙalla duk wata shida. Babu abin da ya hana 'yan filaza a Gwarzo su ɗauki wannan da kansu tun doka ba ta zo ba. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa: shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, takardun wuta a manne, a ajiye shi inda kowa zai iya buɗawa.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini: “Alhaji uba ne a wurina, ta yaya zan ce ya rubuta?” Wannan kunya gaskiya ce, kuma ba na raina ta. A gari irin Kabo mai ginin na iya zama surukinka ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga mutanen da suka fi mu amana aka saukar da ita. Dillali da mai unguwa da sarkin kasuwa za su iya ɗauke wa ɗan haya nauyin furtawa, in suka mai da shi al'ada cewa ba sa shaida hayar da ba a rubuta ba. Rubutun ba sai da Turanci ba. Boko ko ajami, shafi ɗaya, kofi biyu, shaidu biyu. In hayar ta wuce shekara uku ne ake buƙatar lauya da rajista.

In saɓani ya riga ya auku, hanyoyin sulhu suna nan kafin kotu: mai unguwa, dagaci, ofishin Hisba, da Zauren Sulhu na Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009. Sannan ga kotun shari'ar Musulunci da ta majistare. Dukansu tambayar farko da za su yi ita ce: a kan me kuka daidaita?

Wannan tambaya tana ƙara nauyi ranar da Alhajin da ake jin kunyarsa ya rasu. A mazhabar Malikiyya mutuwar mai gini ko ta ɗan haya ba ta warware haya, magada suna hawa kan abin da aka ƙulla har wa'adi ya cika. To amma jerin shaguna shida na iya faɗawa hannun magada shida. Wanda shagon mai kemis ya faɗo wa wataƙila yana Kaduna, bai taɓa jin cewa mahaifinsa ya karɓi kuɗin shekara biyu ba, bai san an ce kuɗin ƙofar ƙarfe za a cire daga hayar baɗi ba, bai san layin wutar da sunan mamacin yake ba, ga bashi a kai. Zai zo da nasa lissafin, kuma ba ƙarya yake yi ba. Mai kemis zai nemi dillalin da ya haɗa su, in yana raye, in kuma ya tuna.